Gakkon Yaya Tomeno

Wata bakwai Kikue ta yi tana cin abinci lami kamar wadda ake horo, ta zo ta zubar da wahalarta cikin sati uku. Bikin sabuwar shekara ne ya ja mata. Yanka ɗaya na gakko mai gishiri ta ce za ta ɗanɗana, kai, daga nan baki ya buɗe.

Likitan ƙoda bai ɓoye mata komai ba tun farko: ko ta rabu da gishiri, ko ta hau injin wankin ƙoda sau uku a mako. Injin kuwa yana birni, tafiyar awa biyu in ƙanƙara ba ta toshe hanya ba. Ɗanta Noboru har ya gyara mata wani ɗan akurkin ɗaki a benensa. Ranar da ta hau injin nan, ranar za a kulle gidanta na ƙauye, ita kuma ba ta son tafiya ko kaɗan.

Da ta koma awo asibiti bayan bikin, nas ta danna mata ƙafa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Inna, wata ɗaya na ba ki," in ji likita. "In kin dawo a haka, da ɗanki zan yi magana."

Tsoro ya kama ta sosai. Tana isa gida ta tuttular da miyar waken da ta kwana, ta zaƙulo ɗan cokalin awon gishirinta daga bayan kwanuka. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar yana tsallaken gonar shinkafa, ƙarfe goma na safe.

Can ne gidan Tomeno, maƙwabciyarta, tsohuwa mai shekara tamanin da huɗu da ke zaune ita kaɗai. Shekara hamsin ke nan kullum suna shan shayi tare a daidai wannan lokacin. Kuma duk kwarin nan babu mai hannun Tomeno wajen gakko, wani farin tushe mai kama da karas da ake ƙyafewa a hayaƙi a binne cikin dusa da gishiri a garwa. Ba a faranti ake ba da shi ba. Uwar gida ke ɗaukowa da sandunan cin abinci ta ɗora miki a tafin hannu. Ki dunƙule hannu? Kin ce mata garwarta ta ruɓe ke nan. Wata bakwai Kikue tana karɓa tana zurarawa cikin hannun riga, sai ta fita ta jefa wa hankaki. Yanzu ta san kanta: in ya taɓa tafinta, bakinta zai nufa.

Washegari da ta je gidan, ta zauna, ta cusa hannuwa ƙarƙashin bargon da ke lulluɓe da teburin ɗumama ƙafa.

"Miƙo hannu mana," in ji Tomeno. "Na bana ya fi na bara."

"Yaya, yau dai a bar ni."

"A bar ki? Ke da kika cinye min rabin garwa da sabuwar shekara, yau ne kika zama 'yar birni?"

"Likita ya hana."

"Wannan da aka haifa jiya? Uwata da gakko ta yi ta karin kumallo har ta kai shekara casa'in da biyu. Miƙo, hannuna ya gaji."

Ta ƙara matso da yankan. Ƙanshin hayaƙin ya cika wa Kikue baki da yawu, har ta ji yatsunta na motsi ƙarƙashin bargo. Ta danne su da gwiwa.

"Yaya, in na ci, Noboru zai zo ya kwashe ni. Wa zai riƙa leƙo ki da safe?"

Tomeno ta janye sandunan. Ta dubi yankan, ta mayar da shi cikin kwano a hankali, ta rufe.

"To me za ki zo yi nan?" Muryarta ta yi ƙasa. "Ni ban iya komai ba sai wannan. Shi kaɗai nake da shi na ba mutum."

Kikue ta tura mata kofinta. Tausayi da haushi suka kama ta. Tomeno ta zuba mata shayi tsura, irin na baƙon da ake so ya tashi, Kikue ta shanye duk da zafinsa.

"Gobe ma zan zo, Yaya."

"Hanya ai ba tawa ba ce."

Kikue ta sa takalmanta ita kaɗai a bakin ƙofa. Ta ɗan jinkirta, tana gyara igiyar da ba ta kwance ba, ko za ta ji takun tsohuwar a bayanta. Tomeno ba ta rako ta ba.