Famfon Lemon Kaka

A gafarce ni da na yi karambanin ɗaukar biro. Ban taɓa rubuta labari ba, farkon wannan ma sau uku ina yaga shi. In an ji ya yi tsami, a daure a kai ƙarshe.

Ƙarfe sha biyu motar da za ta kai Kaka asibitin ido a wani gari za ta zo, amma Kaka ta ce ba inda za ta. Kwana goma gidan zai yi a kulle, ga kuma ɗan icen lemon da marigayi mijinta ya shuka a tsohon bokitin fenti, yana nan a baranda. Bara da aka bar wa maƙwabciya amanarsa, an dawo an tarar ya zubar da rabin ganyensa. Likita kuwa ya ce in aka sake ɗaga aikin tiyatar, idon hagu ba zai jira kowa ba.

Jikarta, wadda duk gidan ke kira Tabarau, ita ta yi suɓul da baka ta ce za ta haɗa abin da zai riƙa ba lemon ruwa da kansa. Mako biyu ta yi tana karatu a kai. Ta samo ɗan allon kwamfuta da bai fi kwalin ashana ba, da ƙaramin famfo, da siririn tiyo da ta tsoma a jarka. Allon zai lura da lokaci, kullum da safe ya umarci famfo ya zuba ruwa na minti ɗaya.

Yanzu ga shi ƙarfe goma ta wuce, abin ya ƙi. Da famfon ya ce zuu, sai koriyar fitilar allon ta mutu. Allon ya farfaɗo, ya manta komai, ya sake ba da umarni, ya sake sumewa. Tiyon sai tofar da ruwa yake kamar mai shaƙuwa. Ta cire waya ta mayar, ta goge tabaranta da gefen riga, ta leƙa agogo, ta sake leƙawa. Yayanta ya wuce da akwati a ka, ya tambaya ko a kawo wa injiniya ruwan sha, tunda injin nata rowa yake yi. Mama ta leƙo sau biyu tana komawa. Kaka na kan kujera, ta cire takalmanta ta tura ƙarƙashin gado.

Tabarau ba ta son yi wa baƙo magana, amma ta tattara kayan a kwali ta sauka bene da gudu, ta tsallaka titi zuwa shagon mai gyaran rediyo. Tsohon yana lanƙwashe a kan teburi cike da ƙusoshi da matattun batura, ɗakin na warin dalma. Ta fara bayani tana haɗiye rabin kalmomin. Bai bari ta gama ba, ya ɗaga cajar waya guda ɗaya da ke kwalin, ya tambaya ko da ita take ciyar da su duka biyun. Ta gyaɗa kai.

"To ai kwano ɗaya kika haɗa jariri da ƙato, 'yata," in ji shi. "Famfo in zai tashi, wawurar wuta yake yi. Me ya rage wa ɗan allon?"

Ya ciro wata caja mai ƙarfi daga aljihun tebur, ya ce wannan ta famfo ce shi kaɗai, allon ya riƙe tasa. Har ta kai ƙofa ya kira ta, ya ce ta tabbata ta ɗaure baƙaƙen wayoyin biyu wuri ɗaya, in ba haka ba allon zai yi ta magana famfo bai ji ba.

Sha biyu saura kwata tana durƙushe a baranda, wayar na zille mata. Direba ya iso, yana ta danna ham a ƙasa. Ta murɗa baƙaƙen wayoyin, ta naɗe da salatif, ta jona cajojin biyu a bango.

Famfon ya ce zuu, ya ci gaba da cewa. Koriyar fitilar ba ta ko ƙifta ba. Ruwa ya bi tiyo a hankali ya sauka gindin lemon, da minti ya cika ya tsaya.

Kaka ta taso da lalube, don ba ta yarda da abin da aka gaya mata ba. Ta nutsa yatsa a ƙasar bokitin, ta daɗe a haka. Sannan ta shafa ganyen, ta ce masa kada ya yi rigima, kwana goma ne kawai.

"Ina takalmana?" ta ce.

Mama ta duƙa ƙarƙashin gado. Yaya ya leƙa ƙasa ta baranda, ya shiga yi wa direba bayanin yadda na'urar ke aiki, kamar shi ya haɗa ta. Kafin wani ya waiwayo, Tabarau ta ɗauki littafin da ta yi karatun na'urar a ciki, ta raɓa ta bayan ƙofa, ta sauka bene a kan yatsun ƙafa, don kada a tsare ta da yabo.