Smith na Huɗu

Alvin Detweiler akwai baki, wannan ko matarsa ba ta musu. A shekarar 1916 shi ke horar da 'yan ƙwallon Amurka, mai kama da kokawa, na wata ƙaramar kwaleji a Ohio, kuma duk mako sai ya tara yaran ya yi musu wa'azi cewa wanda ya buga ƙwallo don a biya shi ya sayar da mutuncinsa. Ran Lahadi kuma ya bi jirgin ƙasa na safe zuwa wani gari, ya manna filasta daga hanci zuwa kumatu, ya ja hular fata har gira, ya buga wa ƙungiyar masu narka ƙarfe da sunan Smith, a biya shi. Smith huɗu ne a ƙungiyar, duk sunan aro, kuma babu mai tambayar wani daga ina ya fito. A gida an san gwaggonsa marar lafiya yake zuwa dubawa, gwaggon da ke fasa masa leɓe duk mako.

A cikin yaransa akwai Kazimir Pruszek, ɗan mai haƙar kwal, wanda ƙwallo ta sama wa gurbin karatu, yana burin zama likita. Aka kai ƙara cewa ya buga wasan haya sau ɗaya. Dattawan kwalejin suka kira Detweiler su ji ta bakinsa. Da ya yi shiru, da gargaɗi kawai za a yi. Amma ya ga an zuba masa ido, bakin ya motsa, ya yi rabin awa yana zuba a kan sharrin wasan haya. Aka kori Kazimir ran Juma'a. Shugaban kwalejin ya riƙe hannun Detweiler, ya ce irinsa sun yi ƙaranci a ƙasar nan.

Ran Lahadi Smith ya shiga sahu ya duƙa, hannu ɗaya a taɓo. Da ya ɗaga ido, ga Kazimir a sahun abokan karawa, hancinsu ya kusa haɗuwa. Yaron ya dubi filastar, ya dubi kunnen nan mai tsagu da ya shekara biyu yana gani. Aka saki ƙwallo. Kazimir ya sa kafaɗa a ƙarƙashin haƙarƙarin Detweiler, daidai yadda aka koya masa, ya ɗaga shi ya shimfiɗe. Sannan ya miƙa masa hannu.

"Sannu, Mista Smith. Ka riƙa sauke ƙugu. Kocinmu kullum haka yake faɗa."

Har aka tashi, sau tara yana kayar da shi, sau tara yana tayar da shi da ladabi. Detweiler ya so a ce zaginsa ya yi.

Ran Litinin ya je ofishin shugaban da kumburarren ido, ya faɗi komai, har da gwaggon. Ya ce tun da laifin ɗaya ne, kuma an bar babba, sai a dawo da ƙarami. Ya shirya maganar tun a jirgi, ta kuma yi daɗi. Shugaban ya saurara har ƙarshe, ya yarda cewa laifin ɗaya ne, ya ce shi ma Detweiler ya ajiye makullin ɗakin kaya wajen maigadi, ya kama gabansa.

Detweiler ya ƙara shekara shida yana buga ƙwallo da sunansa na gaskiya, daga baya ya horar da ƙungiyoyi uku, har aka taɓa sa hotonsa a jarida. Kazimir bai koma aji ba. A wajen narka ƙarfe ya samu aiki, hannayen da za su riƙe almakashin tiyata suka cika da tabon wuta.

Gari ɗaya suka zauna, kuma ƙarami ne, dole su haɗu. Detweiler kan tsallaka titi ya tsaya kallon tagar shagon takalma. Kazimir kuwa sai ya ɗaga hula daga can.

"Barka da rana, Mista Smith. Ya jikin gwaggo?"

Shi kuma ya amsa a hankali, "Da sauƙi."