Ɗakin da ke Bayan Tayoyi

Gidon Perelmuter Bayahude ne, bakanike a garin Lod. Ya haura hamsin, gashin kansa ya gama zubewa, har jika gare shi, amma ba ya iya yanke magana a kan garejinsa sai uwarsa ta ce to. Filin da sunanta yake. Ubansa Leizer ne ya tsara haka kafin ya mutu, kuma Gidon bai taɓa yafe masa ba.

Abin da yake nema ba wani babban abu ba ne. Suheil, Balaraben da suke aiki tare tun suna da ƙuruciya, ya gaji da zama ɗan albashi. Surukinsa ya samo masa fili a Ramle, ya ce ya zo ya buɗe nasa. Suheil ya faɗa wa Gidon a fili, yana goge baƙin mai a hannunsa: ko a sa sunansa a rabin garejin, ko ya tattara kayan aikinsa ƙarshen wata. Gidon ya san gaskiya ce. Ya kuma san ranar da Suheil ya tafi, rabin masu kawo mota za su bi shi, don duk garin babu mai jin ciwon giyar mota da kunne kamarsa. Shi kansa bayansa ya daina yarda da kwanciya ƙarƙashin mota.

Sai ya hau matakala zuwa wajen uwarsa.

Uwar, Bluma, na zaune gaban talabijin, ta ɗaga muryar akwatin, ana labarin wani taron sulhu.

"Dubi yadda suke murmushi," ta ce, ba ta ko amsa gaisuwarsa ba. "Da Jamusawa ma an yi murmushi. An sha shayi."

"Ima," ya ce, yadda suke kiran uwa a harshensu, "kashe wannan abin, magana na zo da ita."

"Ina ji. Kunnena ba a akwatin yake ba."

Ya faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi tambayar da ya san za ta yi, tambayar da take auna kowane ɗan Adam da ita, daga mai sayar da kifi har likitan ido.

"Zai ɓoye mu?"

Gidon ya dafe kai. Ba wai bai san inda tambayar ta fito ba. Tana ƙaramar yarinya 'yan Nazi suka shiga garinsu a Foland. Ita da uwarta suka rayu a rami ƙarƙashin turken aladun wata manomiya, ba ta ga rana ba har ƙafafunta suka lanƙwashe. Sauran dangi an loda su a jirgin ƙasa, ko ɗaya bai dawo ba. Gidon bai taɓa musun wannan ba, kuma duk wanda ya musa a gabansa zai sha sufana a ka. Amma ya gaji. Ramin nan ya bi shi makaranta, ya bi shi soja, ya zaɓa masa jam'iyyar da zai jefa wa ƙuri'a, yanzu ga shi yana son rufe masa gareji.

"Ima, gyaran mota za mu yi. Ba yaƙi ba."

"Kowa gyaran mota yake yi, sai ranar."

"Mutumin nan shi ya ɗauki makarar Abba. Shi ya gyara miki famfon nan da kike wanke kofi."

"Maƙwabcinmu a can ma ya gyara mana rufin ɗaki. Shi ya nuna musu ƙofar." Ta ƙara muryar talabijin. "Kuma ka san ba wannan kaɗai ba ne."

Ya sani. Akwai ɗakin. Shekarar da aka gina garejin, Bluma ta hana Leizer barci sai da ya yi bangon ƙarya a bayan kantar tayoyi. Ɗan ƙuntataccen wuri ne, mutum huɗu za su zauna in sun naɗe ƙafa. Akwai jarkokin ruwa, gwangwanayen sardin, barguna, da bokiti mai murfi. Ta sa kowa ya rantse ba za a faɗa wa bare ba. Mazal, matar Gidon, sai da ta haifi na biyu sannan aka ga ta isa ta sani. Wanda ya mallaki rabin gareji kuwa ya mallaki rabin bangon.

"To ki tambaye shi da bakinki," Gidon ya ce, don ba shi da sauran dabara. "Ranar Asabar zan kawo shi cin abincin rana."

Suheil bai so ba. "Mutumina, ni ba neman aure na zo ba," ya ce. Amma ya zo, da farar riga a goge, da kwalbar man zaitun na gonar kawunsa. Bluma ta karɓi kwalbar, ta ɗaga ta a haske kamar mai neman guba, ta ajiye. Ta zuba masa dafa-dukan wake da dankali da ya kwana a wuta, ta ƙara masa ba tare da ya nema ba, ta tsaya a kansa sai da ya ci. A gidanta ba a barin abinci a faranti, ko kai wane ne.

"Yaro," ta ce da shi, shi da furfura ta cika wa gemu. "In an zo kashe mu, za ka ɓoye mu?"

Suheil ya ajiye cokali. Ya dubi Gidon, Gidon ya dubi rufi.

"Gwaggo Bluma, ku ne da soja. Ku ne da jirgin yaƙi. Ni ko wurin ajiye mota a ƙofar gidana sai na roƙi hukuma. Daga wa zan ɓoye ku?"

"Mu ma a can muna da likitoci da lauyoyi. Amsa mini."

"Rabin danginmu an kore su daga garin nan a ƙafa, cikin zafin rana, a shekarar alif ɗari tara da arba'in da takwas."

"Ba ɗaya ba ne."

"Ban ce ɗaya ba ne. Cewa na yi kakata ma ba ta barci."

"Ba kakarka na tambaya ba."

Suheil ya ja dogon numfashi. Gidon ya san wannan numfashin, shi yake yi in ƙusa ta ƙi kwancewa.

"To, zan ɓoye ki. Amma wallahi kullum sai na yi Allah-wadai da ranar, don na san ki, za ki ce ruwan ya yi ɗumi, bargon yana ƙaiƙayi. Wannan kuwa," ya nuna Gidon da haɓa, "sai dai ya yi ta kansa, tumbinsa ba zai shiga ko'ina ba."

Mazal ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da tsumman hannu. Bluma ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallonsa.

"Matar da ta ɓoye mu kullum zaginmu take yi," ta ce. "Ta miƙo dankali tana tsine mana. Masu daɗin bakin ne suka sayar da mutane." Gidon ya fara gyara zama, ya ɗauka an gama. Sai ta kaɗa kai. "Amma a'a. Akwai abin da ba na bare ba a garejin nan. Ba laifinka ba ne. Ƙara wake."

"Ɗakin bayan tayoyin?" in ji Suheil.

Cokalin miya ya faɗi daga hannun Mazal.

Bluma ba ta dubi Suheil ba. Ɗanta ta duba, a hankali, irin kallon da take masa yana yaro in ya dawo da yagaggen wando.

"Ka rantse da kan ubanka."

"Na rantse. Na kuma karya. Ki tambaye ni dalili."

"Babu dalilin da..."

"Ki tambaye ni, Ima!" Ya buga tebur, kofunan shayi suka yi tsalle. Bai taɓa ɗaga mata murya haka ba, amma abin ya daɗe yana cinsa. "Kin tuna shekarar da garin nan ya kama da wuta? Kina nan kin tura kujera bayan ƙofa, kina cewa ga shi ya dawo. Haka ne, an ƙona mana wurin ibada, an kashe mutum da dutse, ban manta ba. Amma da la'asar ɗin nan waɗanda suka shigo layin gareji da sanduna ba Larabawa ba ne. Suna tsayar da mota suna leƙa fuska. Suka ce da ni, ɗan'uwa, ina Balarabenka? Ɗan'uwa! Na ce ya tafi gida. Alhali na tura shi bayan tayoyi, na jingina da kantar."

"Namu?" in ji Bluma.

"Namu. Ɗaya ma na san uwarsa, tana sayar da labule."

Bluma ta gyara ɗankwalinta. "Tsoro suke ji."

"Ni ma, Gwaggo," in ji Suheil. "Na ji shi sosai. Bokitin nan naki ya yi amfani."

Gidon ya zauna yana huci. A ransa ya riga ya ga garejin a kulle, Suheil a Ramle, shi kuma yana sayar da jak da kwampreso ga 'yan gwangwan. Ɗakin da aka gina don gudun masu sanda, sau ɗaya tak ya yi aiki, kuma ga wanda ya yi wa. Ya so ya faɗi haka, amma ya dubi tsohuwar, sai ya haɗiye.

"Ɗauko mini sandata," ta ce. "Ku kai ni."

"Yau Asabar, Ima, ranar hutu, ba a hawa mota."

"Tun yaushe ka zama malami? Tashi."

Suheil ne ya tuƙa. A garejin ya ture kantar da kafaɗa ɗaya, kamar mai buɗe ƙofar kicin ɗinsa, abin da ya ƙara ɓata mata rai. Ta sunkuya ta leƙa. Sai ga fanka ƙarama a rataye, ga katifar soso, ga silifa.

"Mene ne wannan?"

"Nan nake ɗan kishingiɗa bayan azahar," in ji Suheil. "Duk garejin nan ne kawai babu hayaniyar ɗanki."

"A ɗakina kake barci."

"Na canza ruwan ma. Na da ya yi kore. Sardin ɗin kuwa na zubar, gwangwanin ya kumbura, da kun ci da ba sai an zo kashe ku ba."

Ta buɗe jarka ɗaya, ta shinshina, ta ɗanɗana da yatsa. Ta ɗaga bargo ta ga an wanke. Ta tsaya a ƙofar, rabin jikinta a ciki, rabi a waje, ba ta shiga ba. Gidon ya tuna bai taɓa ganin ta shiga ba, ko sau ɗaya. Daga bakin ƙofa take ba da umarni.

"Kai ka rufe shi a ciki?" ta tambayi ɗanta, ba ta juyo ba.

"Ni."

"Ka tsaya a waje."

"A waje, Ima. Wani dole ya tsaya a waje."

Gidon ya jira ko za ta ce wani abu a kan haka, ko kalma ɗaya. Ba ta ce ba. Ta juyo, ta nuna Suheil da sanda.

"Wannan ba zai je Ramle ba."

"Gwaggo?"

"Wanda ya san ramin ba ya fita daga gida. Ya je can ya zauna da surukinsa, a sha shayi, baki ya suɓuce? A'a. Gidon, kira lauyan nan mai warin baki, a sa sunansa. A inda idona yake ganinsa."

Gidon ya buɗe baki. Abin da ya zo nema ke nan, an ba shi, amma ji ya yi kamar ya rusa bangon da kansa. "Ima, ba don ya iya aiki ba? Ba don mutumin kirki ne ba?"

"Wannan matsalarku ce."

"Ni ma ban ce na gode ba tukuna," in ji Suheil. "Rabo ne wannan ko tsarewa?"

"Ka karɓa ko ba ka karɓa ba?"

Suheil ya dubi kantar, ya dubi ramin duba mota da ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki. "Na karɓa. Amma allon ƙofa za a rubuta da harshe biyu."

"Ku rubuta da na aljanu ma." Ta kama hannunsa don ta tsallake tiyon iska, ba na ɗanta ba. "A gidanka akwai wuri?"

"Wane irin wuri?"

"Kada ka mai da ni sakarya."

Suheil ya sosa gemu. "Akwai ƙarƙashin matakala. Injin wanki ne a ciki."

"A fitar da shi. Gidon zai zo ya yi maka bango, ya ga yadda ubansa ya yi."

"Ima, don Allah!" in ji Gidon. "Ɗaya nake so a rushe, yanzu biyu za a yi?"

Ba wanda ya kula shi. Suna tafe zuwa mota, tana tambayar Suheil faɗin matakalar, shi kuma yana gwada mata da hannu, yana cewa matarsa za ta kashe shi a kan injin wankin. Gidon ya tsaya shi kaɗai ya tura kantar ta koma wurinta. Bayansa ya amsa. Ya zagi bangon, ya zagi tayoyin, sannan ya kashe fitila ya bi su.