Mai Ranar Asabar

"Anti Raki, ke kike wurin a ƙarshe. Don Allah, me ya ce?"

Alice ce ke tambaya, 'yar Baba Eli tilo, ta ɗosana a bakin kujerar falon Raki. Jiya aka binne mahaifinta. Raki ta dube ta sama da ƙasa, ba ta ko yi mata tayin ruwa ba.

Baba Eli tsohon malamin Turanci ne, mutumin Kafanchan, bango ɗaya ya raba gidansa da na Raki a unguwar Moss Side, can ƙasar Turawa. Shekarar da hukuma ta rufe wurin da tsofaffi ke cin abincin rana, aka kuma rage masu zuwa duba shi, maƙwabta suka raba kwanakin mako a tsakaninsu. Kowa da ranar da zai kai abinci, ya ga ko an sha magani. Shi kuwa Baba, bakin malami ba ya ritaya, sai ya bi kowa da sunan ranarsa. Maƙwabcinsu Sanda, mai karatun digiri na uku, ya ɗauki Laraba, ya zama Woden, gunkin Turawa mai ranar Laraba, wanda ya ba da ido ɗaya don ya sami ilimi. "Kai ma saura ƙiris," in ji Baba, yana nuna kaurin tabaransa. Clara ta cocinsu, mai Juma'a da Lahadi, ita ce Frigg mai ranar Juma'a, uwargidan Woden, sunan da ya sa Sanda ya daina haɗa ido da ita. Raki ce da Alhamis.

"Thursday," in ji Baba, "ranar Thor ke nan, mai guduma, mai tsawa. Tun daga bus stop nake jiyo muryarki."

"A'uzubillahi! Baba, kar ka haɗa ni da gumakan Turawa."

"Wa ya ce bauta? Tarihi ne. Su kansu sun manta, kullum suna kiran sunayen ba su sani ba."

Asabar ce kawai ba a raba ba. Alice ta bugo waya daga Birmingham ta ce, "Saturday tawa ce, please. Kar a ce babana ba shi da kowa." Da farko tana zuwa. Daga baya sai uzuri, yau aiki, gobe yara, jibi cunkoson hanya. Raki ta ce a bar wa wani ranar, Alice ta ce, "Anti, I've got it, ni zan yi," da muryar da ke nufin kowa ya tsaya a matsayinsa. Baba kuma ya yi ta rufa mata asiri, ko an tambaye shi sai ya ce ai yanzun nan ta tafi.

Wata Asabar da safe ya zame a banɗaki, Raki na wurin aiki. Sai Lahadi bayan an tashi coci Clara ta same shi kwance a kan tayil, sanyi ya riga ya shige ƙirjinsa. Alice ta zo asibiti, ta yi kuka, ta koma saboda yara. Ran Alhamis da la'asar, Raki na gefen gadon, ya riƙo bakin mayafinta.

"Thor," ya ce, numfashi na yanke masa, "kar ki sauke mata guduma. A cikin gumakan nan duka, Saturn na Saturday ne kaɗai baƙo. Daga Roma ya taho, hanyarsa da nisa. Yarinyar nan ma tana da nisa. Ki ce mata ban riƙe ta da komai ba."

"To, Baba."

Kafin magariba ya cika. Amana ce, Raki ta sani, kuma ta san nauyin amanar mamaci. Amma duk lokacin da ta tuna wannan banɗakin sai zuciyarta ta tafasa, ta ji ba ta son yarinyar nan ta sami sauƙi ko na minti ɗaya. A tura ta Birmingham da yafiya a jaka, ta je ta yi barci mai daɗi? Tabɗi!

"Kin san da me ya rufa?" Raki ta ce wa Alice a hankali. "Tabarmar banɗaki. Ita ya jawo ya rufe ƙafafunsa, yana jiran mai ranar ta buɗe ƙofa."

Alice ta toshe baki da hannu. "Anti, na sani, I know. Amma ya yi maganata? Ya yi fushi da ni?"

"Bai ambace ki ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ya tambayi wace rana ce, na ce Alhamis. Shi ke nan."

Alice ta miƙe, ta yi godiya ma, ta fita. Raki ta zata sanyi za ta ji a ranta, amma ba ta ji shi ba.

Ta ɗaga labule. Motar Alice na nan a ƙofar gidan Baba, ba a tayar ba, ana yayyafi. Alice ta kifa goshi a kan sitiyari. Raki ta tsaya tana kallo, gilashin motar na yin hazo daga ciki kaɗan-kaɗan, har ta daina ganin kowa.