Saniyar da Ta Yaga Rigar Malam Ishaya

Da Malam Ishaya Maitama ya bar aikin sikeli a kamfanin gurzar auduga na Funtua a 1979, ya koma ƙauyensu kusa da Kafur da kuɗin sallama a ƙasan akwati, masu ba da shawara suka yi masa caa. Kowa cewa yake ya sayi motar a-kori-kura ya huta. Shi kuwa shekara talatin yana kallon motocin auduga suna mutuwa a bakin ƙofar kamfani, don haka ya kasa kuɗin uku. Kashi ɗaya ya sayi injin niƙa, na cefanen yau da gobe. Kashi ɗaya fadamar rake, na shekara-shekara. Na ukun ya sayi karsana huɗu ya ba Jibo, Bafulatanin da ke mashekari a bayan gonarsa: nono na Jibo, 'ya'ya na Ishaya.

"Waɗannan na ranar da ƙafa za ta ƙi ɗaukata ne," ya ce wa matarsa Dinatu.

"To, Baban Jane, ni wane kaso zan ci?"

"Ke ai injin naki ne. Ni ɗan kallo ne."

Shekara huɗu abu yana tafiya, shanu suka kai tara. Sai ciwon bushiya ya faɗa wa shanu a 1983. Jibo yana kudu da garke, labari kuwa sai mai muni ke zuwa.

Da damina ta faɗi, wata Talata da hantsi, sai ga Jibo a ƙofar gida, ya rame, yana jan saniya biyu.

"Malam, cikin shanu sittin, uku suka rage. Ikon Allah, biyu naka ne."

Ishaya ya zagaya su. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gano dutse a cikin buhun auduga ba ya mance kunnen dabbarsa. Ko ɗaya babu tsagar da ya sa aka yi wa nasa. Yana cikin dubawa sai babbar ta sunkuyar da kai ta yo kansa. Ya yi tsalle baya, hula ta faɗi.

Dinatu ta leƙo daga ɗakin inji, gari har gira, ta fashe da dariya. "Lale da mutuniyarka! Ba ita ce ta yaga maka rigar coci bara waccan ba?"

Ita ce kuwa. Saniyar Jibo ce ta gado, wadda ya ce ko yunwa ba za ta sa ya sayar ba.

"Kama ce kawai," in ji Jibo, idonsa a ƙasa.

Aka kawo wa baƙo fura. Ishaya ya zauna gindin mangwaro yana juya abin. In ya karɓa, ya bar mutum da saniya ɗaya da iyali goma sha ɗaya. In ya ƙi, ya ce masa maƙaryaci a gaban mace, kuma tanadin tsufansa ya tafi gaba ɗaya. Gwiwarsa ta hagu ma ta fara ƙara in zai tashi. Ya dubi fadama, rake ya yi kore shar. A bayansa injin yana ta bugawa, mata sun jera kwanonin dawa har bakin hanya.

Ya miƙe. "Jibo, ka ce nawa ne?"

"Naka ne, Malam."

"Na karɓa, na gode. To ina neman makiyayi. Amma sharaɗi ya sake: maraƙin fari da na biyu na mai kiwo ne, na uku nawa."

Jibo ya ajiye ludayi. "Haba Malam, ba a kiwo haka. Dariya za a yi maka a kasuwar Malumfashi."

"Sun yi mini da na ƙi sayen mota. Mai saniya ne ke yanka sharaɗi, ko ba nawa ba ne?"

In Jibo ya ce ba na Ishaya ba ne, ya tona kansa. Can sai ya yi dariya, irin wadda ke zuwa da ruwan ido. "Kai, Bahaushe! Ka ɗaure ni da igiyata."

Da ya kaɗa su ya tafi, Dinatu ta zo tana kaɗe zane. "Yanzu ranar da ƙafa ta ƙi fa?"

"Maraƙi na uku shekara biyar ne, ko shida. Gwiwar nan sai ta yi haƙuri. Kafin nan ki ɗauke ni aiki a inji."

"Sai dai mai auna dawa. Kuma ba fansho."

Ya ɗauki hularsa ya duba. Saniyar ta taka ta, ta bar mata shaidar kofato a tsakiya. Ya kaɗe, ya sa a haka, ya bi matarsa ɗakin inji.