Gefen Fili a Perry Barr

Sadique yana ɗaure igiyar takalminsa a cikin motar yayarsa Wasilatu, gwiwarsa ta hagu naɗe da bandeji. Da safen nan ya iso daga Manchester, inda kulob ɗin rugby, wato ƙwallon zari-ruga, da ya ci ƙuruciyarsa ya sallame shi da musabaha da daɗin baki. Yau wani ƙaramin kulob a Perry Barr zai gwada shi. In suka ƙi shi, wasa ya ƙare masa ke nan yana da shekara talatin.

"Sun dai ce lamba goma ko?" in ji Wasilatu.

"Kocin da bakinsa ya faɗa min a waya, Yaya. Fly-half. Yau da kai zan yi wasa, ƙafa ta huta."

Lamba goma shi ne mai raba ƙwallo, mai faɗa wa kowa inda zai tsaya. A nan Sadique ya fara a makaranta, kuma ya iya. Amma ranar da ya shiga kulob, wani koci ya dube shi sama da ƙasa, ya ga baƙin yaro mai dogayen ƙafafu, ya ce ya koma gefen fili na yau kawai. Ɗan gefe aikinsa ya jira a miƙo masa ƙwallo ya ruga. Wannan yau ɗin ta kai shi shekara goma sha wani abu. Ya sha tafi, ya fito a jarida, ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake gani a wasa. Abin yana cinsa har yanzu.

Suna ɗumama jiki sai kocin, wani jibgegen Bature mai murɗaɗɗun kunnuwa, ya dafa kafaɗarsa. Ya ce ɗan gefensu bai zo ba, ko Sadique zai taimaka ya riƙe wurin. Ai sun san shi, sun ga gudunsa a talabijin.

Sadique ya waiga. Wasilatu na tsaye a bakin fili, ta ja mayafi saboda yayyafi, tana girgiza masa kai.

"Ka ce masa no," ta faɗa da ya zo shan ruwa. "Ba haka kuka yi ba."

"In na ce no, Yaya, su ce ina da attitude, wai taurin kai gare ni. Na san mutanen nan."

Ya tafi gefe, ya tsaya cikin sanyi yana kallon wani ɗan jami'a sanye da lamba goma yana ta kwafsawa. Sau biyu Sadique ya hango ɓaraka ya yi ihu a kawo, ba wanda ya saurare shi. Da ƙwallon ta zo daga ƙarshe, ya zuba da gudu, gwiwar ta ce ba da ita ba. Aka cim masa, aka maka shi cikin laka.

Bayan an tashi, kocin ya sami Sadique yana warware bandeji. Mutumin ba mugu ba ne, har da tausayi a fuskarsa. Ya ce gaskiya gudun ya tafi, ba su da wurin da za su sa shi.

"Amma ina jin ka kana karanta wasan daga can," ya ƙara. "Ka yi asara, ɗan'uwa. Da tun kana yaro ka nemi lamba goma."