Wufar da Aka Sayo wa Mansura

Sufyanu yana da ɗan shago a bakin kasuwar Anka, inda yake tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi da fina-finai a memorin wayoyinsu. Jarinsa tsohuwar kwamfuta ce, da ƙaramin janareta, da wasu 'yan sifiku biyu da ba su wuce gwangwanin madara ba. In an ƙure su sai su kama kuka kamar sauro, amma da su yake jiyar da mai saye waƙa kafin ya tura masa.

Asalinsa mutumin Abare ne. Ya baro garin shekarar da gubar dalma ta faɗa wa yara, lokacin da maza ke kwaso duwatsun zinariya daga daji, mata suna dakawa a tsakar gida, ƙurar tana sauka a kan tabarma da kwanon tuwo. Yaransa biyu suka kwanta lokaci ɗaya. Babban bai tashi ba. Ƙaramar, Mansura, wadda ta fara kiran Inna da bakinta, ta sha jijjiga da suma, aka kawo ta asibiti a Anka, ta daɗe tana shan magani. Ta tashi da ƙafafunta da idanunta, amma tun daga nan ko an kira ta ba ta waiwaye, kuma 'yar maganar da ta fara ta koma ciki.

Uwarta Hure ba ta taɓa yarda cewa abin ya zauna ke nan ba. Ta ba ta rubutu ta sha, ta yi mata hayaƙi, ta ɗiga mata man shanu a kunne, ta goye ta har wani ƙauye bayan Bukkuyum wajen mai magani. Wani lokaci takan lallaɓo ta bayan yarinyar ta saki tasa a ƙasa, ta tsaya tana kallon ƙeyarta. Mansura sai ta ci gaba da jera duwatsunta.

Yarinyar tana shekara shida aka yi bikin ƙanwar Hure a 'Yargalma, garin iyayenta. An ɗauko ɗan dije, mai sa kiɗa a biki, da manyan akwatunan sauti. Hure ta dawo Anka tun ba a watse ba, ko mayafi ba ta cire ba ta tare mijinta a zaure.

"Malam, ɗiyar ga tana ji," in ji ta. "Na gani da idona."

Ta ce da aka saki kiɗa, Mansura ta zame daga hannunta, ta ratsa mata ta tafi gaban akwatin ta tsaya, ta buɗe baki tana dariya, har tana buga ƙafa daidai da gangar. Ta ce ba kurma ba ce, sautin duniya ne ya yi mata kaɗan. In aka samu abin da zai kai mata murya da ƙarfi, kunnen zai buɗe.

Sufyanu bai yi mata musu ba. Washegari ya ɗauko kwamfutar da 'yan sifikunsa ya kawo gida, ya ƙure su a gaban yarinyar. Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Hure ta ce ai waɗannan ba sifiku ba ne, ya nemo irin na ɗan dije. Ya gaya mata irin waɗannan sun fi ƙarfinsa, ko shagon gaba ɗaya ya sayar. Daga ranar Hure ta rage cin abinci. Ta daina fita barka da gaisuwa. Da rana sai ya dawo ya same ta durƙushe, ta kafa baki a kunnen yarinyar tana kiran sunanta, har maƙwabta suka fara aikowa ko lafiya.

Wani direba mai zuwa shagonsa ne ya ba shi labarin sifikun kwamfuta masu zuwa uku a haɗe: ƙanana biyu, da akwati guda da ake ajiyewa a ƙasa, wanda ake kira wufa. Ya ce wufar ce ke fitar da dum-dum ɗin da ke taɓa ƙirji, kuma akwai na hannu masu sauƙi a Gummi, wajen wani Sahabi mai gyaran rediyo. Da Hure ta ji, ba ta jira shawara ba. Ta kwance tunkiyarta, wadda take kiwo tun tana amarya a Abare, ta miƙa masa igiyar.

Ya sayar da ita, ranar kasuwar Gummi ya hau babur ya tafi. Sahabi ya jawo masa wani saiti daga ƙarƙashin tebur, ya hure ƙura, ya jona. Akwatin baƙi ne, gefe ɗaya ya ɗaye, amma da aka saki ganga sai kusoshin da ke kan teburin suka fara rawa. Sahabi ya tambaye shi ko gidan kallo zai buɗe. Da ya ji dalilin, sai ya ƙara masa waya sabuwa kyauta, ya ja masa kunne kada a kai maɓallin ƙarshe, don ƙananan ba su da ƙwari. Sufyanu ya naɗe kayan a tsohon bargo ya ɗaure a bayan babur, duk ramin da ya shiga a hanya sai ya miƙa hannu baya ya taɓa.

Ya iso bayan la'asar. Hure ta riga ta yi wa Mansura wanka, ta sa mata kayan Sallah, ta shimfiɗa tabarma a ɗaki. Ya tada janareta a tsakar gida, ya ja waya. Hure ta ce ba waƙa take so ba, muryarta take so yarinyar ta fara ji. Ya ɗauki muryarta a kwamfutar tana cewa Mansura, zo, Innarki ce. Ya saki. Muryar ta cika ɗakin, ta fita har lungu. Mansura tana wasa da bakin bargon da aka naɗo kayan. Ya ƙara sauti, ya sake saki. Haka dai.

Can da ta gaji da bargon, sai ta ja jiki ta jingina bayanta da akwatin. Sufyanu ya sauya zuwa wani kiɗan ganguna da yake tura wa samari. Nan take yarinyar ta ƙame. Ta juyo a hankali, ta aza tafin hannunta a kan akwatin, ta ɗaga, ta sake azawa. Sai ta dubi ubanta ta yi dariya.

Hure ta faɗi ta yi sujada. Shi kuwa ya ɗauki yarinyar ya matsar da ita bakin ƙofa, kiɗan yana tashi kamar da. Dariyar ta ɗauke. Ta fara waige-waige tana neman abin da ya ɓace mata. Ya mayar da ita jikin akwatin, fuskarta ta sake haske. Ya zauna a bakin gado.

"Hure, ba da kunne take ji ba. Jikinta ne."

"Ƙarya ne," in ji ta.

Ba ta taɓa gaya masa haka ba tunda suke. Ta ce ya mayar da muryarta. Ya mayar. Muryar Hure siririya ce, ƙananan sifikun ne ke ɗaukarta, wufar ko motsi ba ta yi. Mansura ta yi ta bubbuga akwatin tana jiran ya farka. Sai Hure ta fizgi ƙaramin sifika ɗaya, ta danne kan yarinyar a cinyarta, ta manna mata shi a kunne, ta murɗa maɓallin har ya tsaya. Sunan Mansura ya tashi da ƙara mai tsaga kai. Yarinyar ta yi ta harbin iska, ba don sautin ba, don riƙon da aka yi mata. Sifikan ya yi ƙara ɗaya ya mutu, warin ƙonewa ya tashi. Kafin Sufyanu ya ɓamɓare hannun Hure, farcenta ya riga ya shata wuyan yarinyar.

Mansura ta gudu bayan randa ta ɓuya. Kwanaki bayan nan, in uwarta ta nufo ta sai ta toshe kunnuwa da hannu ta ja da baya. Wannan ya fi komai karya Hure. Ta kwanta ta juya wa ɗaki baya, Sufyanu ya rufe shago ya koma shi ke dama wa yarinyar kunu.

Ranar da ake duba jinin yaran da suka yi ciwon dalma, ya lallashi Hure suka tafi tare da yarinyar. Wata malamar asibiti mai suna Zaliha, wadda ta san Mansura tun tana kwance, ta saurari labarin duka. Ba ta yi wa Hure faɗa ba. Ta ce ba za ta yi mata alkawarin kunnen zai dawo ba, kuma kada a sake kafa mata ƙara a ciki. Ta ce amma abin da suka gani ba banza ba ne, yarinyar tana lura, tana neman abin da ya taɓa ta. Hure ta tambaye ta, to ita da muryarta ba ta motsa akwati fa? Zaliha ta kama hannun Hure ta aza a kan nata maƙogwaron, ta yi magana. Hure ta ji maƙogwaron yana rawa a tafinta, ta janye hannun da sauri.

Sai da aka ɗauki lokaci kafin Mansura ta yarda ta sake zama a cinyarta. Sufyanu ya mayar da kwamfutar shago da sifika ɗaya da ya rage, wufar kuma yakan goyo ta gida da yamma, ya jona ta da wayarsa ya saki ganga. Yarinyar ta jingina da ita, uwar tana gefe, tana matsowa kaɗan-kaɗan. Wata rana Hure ta kama 'yan yatsun yarinyar ta kai nata wuyan, ta kira sunan. Mansura ta ɗauka wasa ne, ta riƙa dannawa tana dariya. Hure ta yi ta kira, yau da gobe, har muryarta ta dishe, ta koma shan ruwan ɗumi da citta.

Damina ta shigo ta wuce, Mansura ba ta ce Inna ba, ba ta ce komai ba. Hure ta rame har zobenta yana zamewa. Wata safiya tana tsince shinkafa a faifai, yarinyar ta zo ta tsaya a gabanta, ta ɗauke mata hannu daga faifan, ta kai shi nata wuyan. Ta haɗa laɓɓa ta yi wani gurnani mai kauri, marar fasali, ta tsaya tana kallon fuskar uwarta.

Hure ba ta san ko wannan mafarin magana ba ne ko iyakarta ke nan. Ta bar hannun a wurin, kaji suna cin shinkafar, ta gyaɗa mata kai alamar ta sake yi.